Ranar Kwance Ɗamarar Asabe

Tun da aka kafa dokar ɗamara, ba a ƙara jin yaro ya karya ƙashin baya a wajen rawa ba. Yana shekara huɗu ake ɗaura masa ita. Da ya fara lanƙwasa baya sai ta sandare, ta riƙe shi a tsaye, ba ruwanta ko rawa yake ko wasa.

Ran da Asabe ta cika sha biyu, mahaifiyarta Larai ta kai ta asibiti a kwance mata. Larai ba ta taɓa sukar dokar ba, don ƙanenta Ɗanlami yana kan keken guragu tun wata alkafura da ya yi a rawar koroso.

Ma'aikaciyar jinya ta kwance ɗamarar, ta lallatsa bayan yarinyar.

"Lafiya lau, Hajiya. Bayanta garau yake."

A bakin ƙofa ɗankunnen Asabe ya faɗi ƙasa.

"Sunkuya ki ɗauka mana," in ji Larai.

Asabe ta dubi ɗankunnen, ta dubi uwarta, bayanta a miƙe kamar taɓarya.

"Umma, ta ina ake farawa?"