Jirgin da Ya Ƙi Mutuwa

Littafi na uku ke nan Malamin Lissafi ya zaro daga kanta ya mayar, mai shagon kuwa ya fara hura hanci.

"Malam, saye za ka yi ko karatu? Nan fa ba laburare ba ne."

Ko kallonsa bai yi ba. Shi makami ya zo nema, kuma ba ya son a dame shi.

Wasan da suke yi duk Asabar a falonsa na jiragen sararin samaniya ne. Shi ne jagora: shi ke riƙe littafi, shi ke ba da labari, shi ke ɗana tarko. Sauran kowa da jirginsa a rubuce a takarda, ya faɗi abin da zai yi, a jefa 'ya'yan lido a ga ko sa'a ta yarda. Babban littafin dokoki yana gida. Abin da ake saye lokaci zuwa lokaci shi ne littafin ƙari, mai sabbin duniyoyi da sabbin masifu, kuma ƙa'ida ce babu ɗan wasan da zai leƙa cikinsa.

Ƙayar da ta tsaya masa a wuya ita ce Dogo, ƙanin matarsa, direban tankar ruwa, mutumin da ko takardar cikin kwalin magani bai taɓa karantawa ba. Sauran 'yan wasan biyu duk sun sha kashi: jirgin Likita ya ƙone a gefen wata jar rana. Na Mai Gyaran Waya 'yan fashin sama sun yi gwanjonsa. Amma jirgin Dogo, mai suna Almakashi, ko ƙwarzane babu. Da an iso wurin tarko sai ya miƙe wai zai sha ruwa, ya ɗaga labule ya shige ciki, ya dawo ya zaɓi hanyar da babu komai a kanta.

Malamin Lissafi ya tsane shi tsana ta gaske. Ya tabbata satar amsa yake yi, shi kuwa da ɓarayin amsa yake wuni a makaranta. Ya rantse a gaban kowa, in Almakashi ya sake kuɓuta, Dogo ya bar teburin nan har abada.

Ya ture littafin yaƙin rundunoni, don an riga an baza sirrinsa a intanet. Ya ture na fatauci tsakanin taurari, don ba a mutuwa a ciki, asara kawai ake yi. Can ƙasan kanta ya hango wani siriri da ko ledarsa ba a ɓare ba, labarin wata tsohuwar tashar sama da mutanenta suka ɓace.

"Wa ya taɓa sayen irin wannan?"

"Ba kowa," in ji mai shago. "Wanda ya rubuta shi ma ina jin ya manta da shi."

Ya saya. Bai kai shi gida ba. A durowar ofishinsa ya kulle shi, a can ya karance shi tas yana murmushin mugunta.

Ranar Asabar da la'asar ya tattara wayoyin kowa ya zuba a kwano, ya kuma dire jug ɗin ruwa a gaban Dogo. A bayan labule keken ɗinkin matarsa na ta ƙara kamar kullum. Ita ba ta leƙowa in ana wasa. Abu guda yake yaba mata: da ya rage murya zai fara bayani, sai keken ya yi tsit. Ladabi ke nan, a ganinsa.

Da aka fara wasa ya kai su cikin tashar, ya tsayar da su gaban ƙofofi uku. Ta hagu a ƙone take, ta dama a lanƙwashe. Ta tsakiya kuwa ya zauna ya yi ta yabonta, koren haske, iska mai daɗi, ƙasa fes. A bayanta ya ajiye abin da zai haɗiye jirgi da mutanensa.

Dogo ya miƙe.

"Ga ruwa nan a gabanka."

"Mai sanyi nake so, Yaya."

Dogo ya shige bayan labule, ya dawo da wani jan zare maƙale a hannun rigarsa, ya zauna ya ce Almakashi ba zai shiga ko ɗaya ba. Zai zagaya ta waje ne, ya bi layin da aka haɗe ƙarfe da ƙarfe, ya farke shi daga gefe. Aka jefa 'ya'yan lido, sa'a ta yarda.

Malamin Lissafi ya buga teburin har kwanon wayoyi ya yi tsalle. Ya fizge takardar jirgin ya keta ta biyu.

"Fice min daga gida, ɓarawon banza!"

Dogo bai yi musu ba. Ya ɗauki wayarsa, ya dubi labule, ya fita da sauri kamar wanda aka sauke wa kaya. Likita da Mai Gyaran Waya suka sunkuyar da kai, kunya ta kama su.

Sai labulen ya ɗagu. Matar gidan ta fito da tef ɗin awo a wuya, ta tsince takardar daga ƙasa, ta zare fil daga bakinta ta haɗe ɓarin biyu, ta ja kujerar Dogo ta zauna.

"Ban taɓa buɗe littafinka ba, Malam. Duk abin da ka cika yabo akwai mugun abu a bayansa, haka kake tun muna zance. Ranar da na nemi kujera ka ce wasan ya fi ƙarfin tela. To ɗan aike ka kora. Miƙo 'ya'yan lidon, jirgin nawa ne."