Abin da ke Yawo a Kan Rufinmu

Ranar da aka sauko da gawar mijina Bedran daga bukkar tumaki, kumatunsa jajir suke kamar wanda ya ƙoshi ya kishingiɗa. Waɗanda suka ɗauko shi suka ce sanyi ne. Tun daga ranar na ja daga da sanyi, domin 'yata Rojda kaɗai ta rage mini, ko makaranta ba ta isa shiga ba.

Na cusa tsumma a ƙasan ƙofa, na liƙe tsagar taga da kwaɓaɓɓen gari. Da la'asar nakan cika murhun rami da busasshen kashin shanu, in ya zama garwashi in kifa ɗan tebur a kai, in lulluɓe shi da babban bargo mu zura ƙafafu. Sannan in hau kujera in toshe ramin hayaƙi na rufi da matashin ulu, cikin waɗanda na ɗinka mana da kaka, daidai bakin ramin.

Mahaifiyar Bedran, Inna Perihan, bango ɗaya ya raba mu. Ta leƙo, ta ɗaga kai ta kalli matashin.

"'Yar nan, ɗaki ne wannan ko tulun cuku? Ki bar wa hayaƙi hanya mana."

"Inna, sanyi ya ci ɗanki. Ba zai ci 'yata ba."

Ta ja mayafinta ta fita.

Dusar ƙanƙara ta taru har ta yi daidai da rufin gidaje. Yunwa ta koro kyarketai daga dutse, suka ɗauke karen maƙwabta. A makon ne na fara tashi da safe in tarar da matashin a ƙasa, iska na zubowa ta ramin. Na hau rufi, na ga sawun abin da ya ja jiki da ƙafa huɗu har bakin ramin, daidai saitin inda Rojda ke kwana.

Ban gaya wa kowa ba. Yarinyar ta fara kukan ciwon kai, na ce iskar da ke shigowa ce. Na ƙara garwashi, na tokare matashin da sanda.

Ran nan gab da magariba sai na ji ƙaraf-ƙaraf a sama, ana tonon ramin, ƙasa na zubowa kan bargo. Na girgiza Rojda, ba ta motsa ba. Nawa kan ma ya yi nauyi, fitila ta kusa mutuwa alhali da mai a cikinta. Na rarumi dogon ƙarfe mai yatsu na ɗiban ciyawa, na fita ina tangaɗi, na hau tudun ƙanƙara, na ɗaga shi da hannu biyu.

Inna ce a durƙushe, tana rarrafe don kada santsi ya kwashe ta, yatsunta duk jini.

"Ajiye wannan, sakarya! Fito da yarinyar!"

Na sungumo Rojda zuwa waje. Muka yi ta goga mata ƙanƙara a fuska, Inna na salati, ni na kasa. Can sai ta yi tari, ta yi amai, ta tsala kuka.

"Inna, ke ce kullum? Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na so ki gama rayuwarki ba ki san wannan ba," in ji ta.

Ta zura hannu cikin rigarta, ta zaro wani matashin ulu da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin. Na gane ɗinkina. Shi ne wanda na sa wa Bedran a jaka da hannuna, na ce ya yi mini alkawari ba zai kwanta ba sai ya toshe ramin bukkarsa. Ashe ba sanyi ne ya ci shi ba.