Dogon Matashin Da Aka Lalata

"Duba min wayar nan, ta ƙi buɗewa," in ji Baba.

Na karɓa ina huci. Ni ne kocin ƙasa a wasan ƙwallon kwando na intanet, kuma wani mai ƙungiya ya lalata min dogon matashin ɗan wasan da nake ji da shi, yana ta koya masa jifan nesa maimakon tsaron raga. Har na tura wa mai ƙungiyar saƙo: "Kai jaki ne? Bar wa masu hankali wasan."

Wayar ta buɗe. Ga saƙona, an karanta.

Baba ya goge tabarau. "Na ga ba ka da hira sai ta wasan nan, shi ne na ce bari in horar maka da ɗaya. Ashe ban iya ba."