Lambar da Ta Kai Bakin Famfo

Da la'asar ne, a gidanmu na Unguwar Shanu, yayana ya ɗauki gawayi ya rubuta lamba a kan siminti, tun daga ƙofar kicin har bakin famfo. Ya ce, "Ke sarkin tsoro, in kin faɗa mini ko tara za ta raba wannan ba ragowa, ke za ki bi Kawu kasuwa a Vespa."

Ban taɓa hawa Vespa ba. Na durƙusa na fara rabawa, ina gogewa ina sakewa. Ga Inna tsaye da bokiti tana jira ta wanke tsakar gida.

Kawu, ƙanen Inna, ya tsuguna kusa da ni yana ƙamshin man inji. Ya ce, "Uwata, tsawonta ne ya firgita ki. Bi lambobin cikinta ɗaya bayan ɗaya, ki haɗa su."

Na haɗa, na samu sittin da uku. Ya ce in haɗa shida da uku. Tara!

"To, ta rabu."

Ban yarda ba, sai da na gwada da sha takwas, na gwada da tamanin da ɗaya. Duk tara! Na yi tsalle ina ihu har na ture bokitin Inna, ruwa ya share lambar.

Yayana ya ce ba shaida. Kawu dai ya tada Vespa ya ce, "Hau."

Har yau ina haɗa lambar duk motar da na gani, sau biyu, kada in yi kuskure.