Gishirin Ingila a Hanyar Bawku

Tun motar ba ta bar Salaga ba Sumani ya kafa wa Idirisu ido, yana jiran ya ga fuskarsa ta fara yamutsewa.

Taubasai ne, kuma akwai ramuwa tsakaninsu. Bara Idirisu ya ɗinke masa ƙafar wando ranar Sallah, duk Zango aka yi ta dariya. Yau da za su bikin suna a Bawku, Sumani ya rantse sai Idirisu ya roƙi direba ya tsaya a gaban mata da tsofaffi.

Jiya Sumani ya je kemis neman gishirin Ingila, mai wanke ciki. Mai kemis ya ce wanda yake gari-gari ya ƙare, saura wanda ya sha raɓa ya dunƙule kamar ƙanƙara.

"Magani ɗaya ne, amma wannan yana da taurin kai, sai ka…"

Sumani bai tsaya jin sauran ba, dariya ta riga ta ci ƙarfinsa.

Da safe Idirisu ya biyo masa. Safura, matar Sumani, ta kawo wa baƙo fura mai sanyi, shi kuwa gogan naka Sumani ya faki ido ya jefa dunƙulen a kwanon. Idirisu ya sha ya yi gyatsa. Suka fita ɗaure kaya, kafin Safura ta biyo maigidanta da kokonsa mai zafi, ya shanye a tsaye. Ɗaci-ɗaci ya ji, amma a shekarar yunwar nan, da sukari ya fi zinariya wuya, wa ke tuhumar koko?

Har Bimbila Idirisu na cin gyaɗa. Kafin Yendi ya yi barci, har da minshari.

Sai ga wani ƙugi daga cikin wani. Sumani ya waiga neman mai shi, ya tarar nasa ne.

Ya matse. Ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Gargadar hanya ba ta ji tausayinsa ba.

"Direba! Don girman Allah!"

"Bawana, lafiya?" in ji Idirisu, yana miƙa masa buta. "Ko in riƙe maka hular?"

Da aka kai Bawku, 'yan motar duka sun haddace kalar wandonsa. Bai ci naman suna ba. Ya dawo gida a rame, ya tabbata Idirisu na da laya mai mayar da sharri.

Safura ta tare shi da fara'a.

"Maigida, ashe ɓoye sukari kake yi, sai baƙo? To bai ma narke masa ba, a gindin kwano na tsince shi. Na ce ba za a yi asara ba, na jefa maka a koko, nan take ya narke."