Harshen Da Ya Rage Mata

Ranar da likita ya ce a kira iyalinta, tsohuwar ta miƙa wa ɗanta wani littafi, tana masa alama ya karanta mata.

Ni ce mai jinyarta a gidansu na garin Summerfield, can ƙasar waje. Tun tana cikin hayyacinta ta ba ni labarin mahaifinta, marubuci kuma ɗan jarida a kudancin Indiya. Turawan mulkin mallaka suka ɗaure shi saboda rubutunsa da harshensu na Tamil, kuma a kurkukun ya rubuta littafin nan.

Da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, Turanci ne ya fara guje mata. Tamil kaɗai ya rage a bakinta.

Ɗan nata, babban injiniya, ya yi ta juya shafuka, ko harafi bai gane ba. Ta kama hannunsa tana magana, hawaye na bin kuncinta.

Ya juyo gare ni, ni Bakanuwa, ya ce da Turanci, "Don Allah, ke da kuke tare kullum, me take cewa?"

Ban sani ba. Ita kuma ba ta sake magana ba har ta cika.