Harsasan da Nake Ɗura Masa

Kwanson harsashin ya tsage a cikin libarbata, ƙarar kuma ta wuce ta kullum. Albarushi ya yi yawa ke nan. Na ɗora wa sikelina na awon albarushi laifi, na tafi aron na abokina.

A duk kwarin nan na Montana mu biyu ne kawai muke harba wannan siririn harsashi. Babu shi a kanti, ni nake matse kwanson in ɗura. A wajenmu ba a harba ɗurin wani, amma shi tun muna samari nawa yake harbawa. Ko da hannuna ya fara rawa, duk Asabar sai ya karɓi kwalin harsasaina ya ce, "Har yanzu babu kamarka."

Na same shi a gareji, kwance ƙarƙashin motarsa. Na ce aron sikeli na zo.

"Tsohon banza, ka kashe naka ke nan?" ya ce. "Duba kantar bayan labule. Kada ka taɓa mini giya."

Sai na ji ya yunƙuro har kansa ya bugi ƙarfe. "Tsaya, ni zan ɗauko!"

Na riga na ja labulen. Gwangwanayen kofi ne a jere, cike da harsasaina, ko ɗaya ba a harba ba.

Ya tsaya bayana yana goge hannu.

"Ashe ka san awona ya lalace," na ce.

"Kofi zan dafa," ya ce. "Za ka sha?"

Na gyaɗa kai, ban iya juyowa ba.